Masu Linux a Agege: Rumbun Wa Kuke Ɗebo Manhaja?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba. Windows 11 kuma ta zo da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba, ciki har da ɗan guntun tsaron nan da ake kira TPM 2.0. Duk wanda ya san irin injinan da ke aiki a shagunan buga takardu na Agege da Idi-Araba da Obalende ya san su wa abin ya faɗa wa. 'Yan tokumbo ne, HP da Dell da Lenovo da suka gama wa'adinsu a ofisoshin Turai, aka sauke su a Computer Village ta Ikeja, daga nan suka bazu cikin unguwanni. Da su ake cike fom ɗin JAMB, da su ake fitar da takardar NIN, da su ake buga katin ɗaurin aure. Idan mai irin wannan kwamfuta ya kai kuka wurin mai gyara, in dai mai gyaran na da tsoron Allah bai ɗora masa Windows ta sata ba, shawarar da zai ba shi ita ce ya koma Linux: Ubuntu, ko Linux Mint, ko Debian. Ga kuma samarinmu masu koyon rubuta manhaja, wasu ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, wasu da kansu a YouTube. Su dama Linux ce abokiyar aikinsu.

Shawarar tana da kyau, kuma ina goyon bayanta. Abin da ba na so shi ne maganar da ake rakiyarta da ita, wai "Linux ba ta kamuwa da bairos." Wannan magana ta sa mutane sun saki jiki a daidai wurin da ya kamata su buɗe ido. Gaskiya ne ba kasafai ɓarawo ke haurowa Linux ta katanga ba. Mai gida ne ke buɗe masa ƙofa da hannunsa, ya rubuta kalmar sirrinsa, ya danna Enter, yana ganin manhaja kawai ya girka.

A Windows mun saba da yawon neman manhaja: a shiga wannan shafi a sauko da ita, ko a karɓo a filashi wurin aboki. A Linux ba haka tsarin yake ba. Kowace irin Linux tana da rumbunta na manhajoji a intanet, wanda 'yan harkar ke ce wa repo. Rumbun Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, yana ɗauke da ƙunshin manhaja sama da 60,000. Ubuntu, wadda kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara fitarwa a Oktoban 2004, daga rumbun Debian take ɗebo yawancin kayanta, Linux Mint kuma ta ɗebo daga Ubuntu. Idan ka rubuta sudo apt update, kwamfutarka za ta leƙa rumbunan da aka rubuta mata, ta karɓo jerin abin da ke ciki, ta duba hatimin da ke kan jerin ko ya dace da makullin da take riƙe da shi. In ya dace, ta yarda. Idan ka ce apt install, ta ɗauko manhajar da duk wasu ƙananan ƙunshin da manhajar ke dogaro da su, waɗanda an riga an gwada su tare.

Bahaushen Agege bai kamata wannan tsari ya zame masa baƙo ba. Cinikin goro ne ya zaunar da kakanninmu a wannan gari tun zamanin da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano, kuma cinikin nan bai taɓa tafiya ba sai da fatoma. Baƙon ɗan kasuwa bai san kowa ba, amma ya san mai masaukinsa, kuma duk wanda mai masauki ya tsaya wa, an yarda da shi. Rumbun asali shi ne fatomanka. Ƙara wani rumbu kuwa ɗauko wani fatoma ne na biyu, ka ce daga yau duk wanda ya tsaya wa ka yarda, alhali wataƙila ko sunansa na gaskiya ba ka sani ba.

Ba wai babu dalilin fita waje ba. Akwai. Google Chrome ba ta cikin rumbun Ubuntu. Mai koyon aiki yana son VS Code daga Microsoft, ko Docker sabuwa fil daga kamfaninta. Wani an ba shi aikin shafin intanet da ke buƙatar wani zubi na PHP ko Python da ba shi ne ya zo da kwamfutarsa ba. Wani firinta ce ta ƙi magana. Ubuntu ma da kanta ta tanadi wata hanya a dandalinta na Launchpad da ake kira PPA, inda kowa zai iya buɗe ɗan rumbunsa. Wasu daga cikinsu sanannu ne, kamar na Ondřej Surý mai kula da PHP, wanda shi kansa ɗaya ne daga masu aikin Debian, ko na deadsnakes mai tara zubin Python iri-iri. Amma kalmar "kowa" ɗin nan ita ce abin lura. Canonical tana ba da fili ne kawai, ba ta tantance abin da mutum ya zuba a PPA ɗinsa.

Ga abin da yawancin masu kwafo umarni daga intanet ba su sani ba. Ƙunshin manhaja na Debian da Ubuntu, wanda sunansa ke ƙarewa da .deb, ba fayiloli kawai ke cikinsa ba. Yana iya zuwa da 'yan rubutattun umarni da ke aiki lokacin girkawa, kuma suna aiki ne da cikakken iko a kan kwamfutar, ikon da ba abin da ya gagare shi: karanta kowane fayil, goge kowane fayil, buɗe hanya ga wani daga nesa. Na biyu, rumbun da ka ƙara ba ya tafiya bayan ka samu manhajar da ka zo nema. Yana nan zaune. Duk ranar da ka sabunta kwamfuta, za a sake tambayarsa ko yana da sabon abu. Na uku, kuma wannan ne ya fi tayar da hankali, ba a taƙaita shi ga manhaja ɗaya ba. Idan mai rumbun ya zuba ƙunshi mai suna irin na wani muhimmin ɓangare na Ubuntu, ya ba shi lambar zubi da ta fi ta asali girma, apt za ta ɗauka sabon zubi ne, ta cire na asali ta sa nasa. Ka ƙara rumbu saboda manhajar kallon bidiyo, ka ba shi damar canza manhajar da ke karɓar kalmar sirrinka.

Na taɓa zama a wani shagon buga takardu a bayan Pen Cinema ina jiran a fitar mini da wasu shafuka, sai ga yaron da ke kula da injinan yana fama da wata laftof. Mai shagon, dattijo ne ɗan kasuwa, ya leƙo ya ce, "Kai, me kake ta bugawa a wannan baƙin allo tun ɗazu?" Yaron ya ce, "Alhaji, wata manhaja nake sa wa, ta gyaran PDF. Kyauta ce." Alhaji ya ce, "To madalla, in dai kyauta ce." Na miƙa wuya na ga abin da ya kwafo daga wayarsa: layi ɗaya mai farawa da curl, da adireshin wani shafi, yana ƙarewa da sudo bash. Ma'anar layin ita ce, ɗauko duk abin da ke wancan adireshi ka aiwatar da shi nan take da cikakken iko, ba tare da an karanta ba. A kan allon kwamfutar kuwa, a gefe, ga jakar fayil da aka sa wa suna "customers", cike da hotunan fasfo da takardun NIN na mutanen unguwa. Alhaji ba zai taɓa ba baƙo makullin durowar kuɗinsa ba, amma bai san abin da aka bayar a gabansa ya fi durowar tsada ba.

Wani zai ce ai tsoratarwa ce kawai. To ga abin da ya faru a fili. A watan Satumba na 2023 masu bincike na kamfanin Kaspersky suka bayyana cewa tsakanin 2020 da 2022, wasu daga cikin masu shiga shafin manhajar Free Download Manager don sauko da ita a Linux ana karkatar da su zuwa wani rumbu na bogi mai adireshi deb.fdmpkg.org. Manhajar tana girkuwa, tana aiki lafiya lau, amma a ɓoye ƙunshin ya dasa wani abu da ke tattara kalmomin sirri da aka adana a burauza, da tarihin shafukan da aka shiga, da fayilolin asusun kirifto. Ba kowa ake karkatarwa ba, shi ya sa aka daɗe ba a farga ba. A Yulin 2025 kuma, a rumbun jama'a na Arch Linux da ake kira AUR, aka gano ƙunshi uku masu sunayen da ke nuna kamar gyara ne ga burauzojin Firefox da LibreWolf da Zen, ashe manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa ce a cikinsu. An cire su cikin 'yan kwanaki, amma wanda ya riga ya girka ya girka.

Duk da haka, a ganina, abin da ya fi cin kwamfutocin samarinmu ba ɓarayi ba ne, haɗa-haɗa ce. Yaro ya kalli bidiyon masu kutse, ya ga Kali Linux da tarin kayan aikinta, sai ya ce bari ya zuba rumbun Kali a cikin Ubuntu ɗinsa ya samu duka biyun. Masu Kali da kansu sun yi gargaɗi a rubuce kada a yi haka. Kali tana tafiya ne da sababbin ƙunshi da ke canzawa kullum, Ubuntu kuma an gina ta a kan wasu lambobi tsayayyu. Da ya ce upgrade, sai rabin cikin kwamfutar ya koma Kali, rabi ya tsaya Ubuntu. Ya kashe ya kunna, allo ya ƙi tashi. Garin neman gira an rasa ido. Mutanen Debian har suna suka raɗa wa irin wannan kwamfuta, FrankenDebian, wato dodon da aka ɗinka daga gaɓoɓin jikuna daban-daban. Haka abin yake idan aka sa PPA ta Ubuntu a kan Debian, ko aka ɗauki rumbun da aka yi domin wani zubi aka liƙa wa wani. Kowane zubi da laƙabinsa: Ubuntu 20.04 ita ce focal, 22.04 jammy, 24.04 noble, Debian 12 bookworm, Debian 13 trixie. Idan layin rumbu ya ce focal alhali kana kan noble, to kaya ne na wani gida.

Masu son sabon yayi kan yi ƙorafi cewa rumbun asali yana da nawa, manhajojinsa tsofaffi ne. Haka ne, kuma da gangan ne. A ƙarshen Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfutarsa daga nesa ta hanyar SSH ya ƙara jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi sai ya tono ƙofar baya da wani mai amfani da sunan Jia Tan ya dasa a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita, a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Jia Tan ɗin ya shafe shekaru yana taimakawa a aikin har aka amince da shi. Gurɓataccen zubin ya kai ga rassan gwaji na Debian da Fedora, ya kai ga Kali, amma bai shiga Debian tsayayya ko Ubuntu mai dogon tallafi ba, domin su ba sa gaggawar karɓar sabon abu. Wannan nawar da ake rainawa ita ta tsare su.

Yanzu sai kowa ya duba kwamfutarsa. A Ubuntu da Mint da Debian, jerin rumbuna yana cikin fayil ɗin /etc/apt/sources.list da kuma jakar /etc/apt/sources.list.d/. Rubuta ls /etc/apt/sources.list.d/ ka ga abin da zai fito. A Ubuntu 24.04 za ka ga ubuntu.sources, wannan na gida ne. Duk sauran kuwa, ka tambayi kanka wa ya sa shi, kuma don me. Kada ka yi mamaki in ka ga google-chrome.list alhali ba ka tuna ka ƙara ba. Ƙunshin Chrome da kansa yake ƙara rumbun Google lokacin girkawa don ya riƙa samun sabuntawa. A Fabrairun 2021 an yi ta cece-ku-ce da aka ga tsarin Raspberry Pi OS ya ƙara rumbun Microsoft a kwamfutocin mutane ba tare da an tambaye su ba. Masu Fedora su duba /etc/yum.repos.d/, ko su rubuta dnf repolist. Idan kana son sanin daga wane rumbu wata manhaja za ta zo, apt policy da sunanta zai nuna maka.

Sai batun makulli, inda aka fi yin kwaɓa. Tsofaffin darussa a intanet suna cewa a yi amfani da apt-key add. Wannan hanya an yi watsi da ita, domin makullin da aka sa ta nan yana shiga babban zoben makullai ne, sai apt ta yarda da hatiminsa a kan kowane rumbu, har da wanda ke da'awar shi ne na Ubuntu. Hanyar yanzu ita ce a ajiye makullin kowane rumbu shi kaɗai a /etc/apt/keyrings/, sannan a layin rumbun a rubuta signed-by da inda makullin yake, ta yadda makullin Docker ba zai yi aiki ba sai a rumbun Docker. Idan darasin da kake bi har yanzu apt-key yake koyarwa, alama ce ya tsufa, ka nemi umarnin a shafin masu manhajar na asali. Kuma a riƙe wannan: hatimi yana tabbatar da wanda ya aiko kaya ne da cewa ba a taɓa su a hanya ba. Ba ya cewa mai aikowar mutumin kirki ne.

Wata rana apt za ta ƙi, ta rubuta NO_PUBKEY ko EXPKEYSIG, ko ta ce rumbu ba shi da fayil ɗin Release. Nan ne shaiɗan ke shigowa da shawarar a ƙara trusted=yes a layin. Ƙorafin zai ɓace kam, domin ka ce mata ta daina duba hatimi gaba ɗaya. Ka ɗauka mai rumbun ya yi watsi da shi, adireshin ya faɗi, wani ya saya. Daga ranar duk abin da sabon mai adireshin ya zuba, kwamfutarka za ta haɗiye. Ƙorafin makulli yana da dalili, kuma a shafin masu rumbun ake neman bayaninsa. A Afrilun 2025 masu Kali sun sanar cewa makullinsu na sa hatimi ya kuɓuce musu, suka fitar da sabo, suka bayyana yadda za a sa shi. Wanda ya bi sanarwarsu ya wuce lafiya. Wani lokaci ma laifin ba na rumbu ba ne sam. Tsofaffin laftof ɗin nan na tokumbo sau da yawa ɗan batirin agogonsu ya mutu, sai kwanan wata ya koma baya da shekaru, apt ta ce fayil ɗin Release lokacinsa bai yi ba tukuna. Gyara agogo kawai ake buƙata.

Ga wanda ya ɗan yi nisa, akwai hanyar ɗaure rumbun waje kada ya wuce gona da iri. A jakar /etc/apt/preferences.d/ ana rubuta ƙa'ida da ke rage darajar duk abin da ya fito daga wani rumbu, a ɗaga ta manhaja ɗaya tak da ake so daga gare shi. Layi shida ne ko bakwai. Da su ka toshe hanyar nan ta maye gurbin kayan asali, abin da signed-by shi kaɗai ba ya yi.

Kafin ma a kai nan, sau da yawa ba a buƙatar rumbun. A fara da apt search, wataƙila manhajar tana gida. Masu Debian suna da backports, rumbu ne na Debian kanta mai ɗauke da sababbin zubi. Akwai Flatpak da Snap, waɗanda galibi ke killace manhaja a ɗakinta don kada ta taɓa sauran tsarin, ko da yake su ma ba a rufe ido: a farkon 2024 an kama manhajojin bogi na asusun kirifto a shagon Snap, bayan sun kwashe kuɗin mutane. In dole sai rumbun waje, a fifita na masu manhajar da kansu a kan na wani ɗan sa-kai da ba a san shi ba, a duba yaushe rabonsa da sabuntawa, a kuma karanta abin da apt ta rubuta kafin a danna Y. Idan ka ce ta girka abu ɗaya ta jero ƙunshi arba'in da za ta cire, dakata.

Cirewa ma da hanyarta. Goge fayil ɗin rumbu yana hana sababbin kaya zuwa, amma waɗanda suka riga suka shigo suna nan, kuma daga ranar ba mai sabunta su. Ga PPA akwai ppa-purge, wadda ke kashe rumbun ta mayar da ƙunshin zuwa zubin Ubuntu na asali. A kuma goge makullinsa. Lokacin ƙaura daga wannan zubi na Ubuntu zuwa na gaba, tsarin da kansa yana kashe rumbunan waje. Kada a yi gaggawar kunna su duka, a kunna wanda har yanzu ake buƙata kuma ya fitar da kaya domin sabon zubin.

Legas tana da nata ƙarin. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowane mega yana da daraja, kuma kowane rumbu da ka ƙara yana cin nasa a duk sabuntawa. Shagon da ke da kwamfuta biyar ko goma zai iya girka apt-cacher-ng a kan ɗaya, sauran su riƙa ɗauka ta wurinta, ƙunshi ɗaya a sauko da shi sau ɗaya. Kada kuma a fara babbar sabuntawa a kwamfutar tebur ana dogaro da wutar NEPA. In an ɗauke ana tsaka da aiki, bayan an kunna sai a rubuta sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt -f install, kafin a ce ta lalace a kai ta Ikeja a goge komai. Masu Linux Mint suna da Timeshift, wadda ke ɗaukar hoton tsarin gaba ɗaya. A ɗauka kafin ƙara kowane rumbu.

Masu shaguna su sani cewa tun watan Yuni na 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma wanda ke riƙe da NIN da BVN da hoton fasfo na mutane, nauyin tsare su yana wuyansa, ko ya san Linux ko bai sani ba. Kwamfutar da ake yi wa kwastomomi aiki a bar ta da rumbun asali da ɗaya ko biyu da ba makawa, yara su yi gwaje-gwajensu a wata. Kalmar sirrin sudo kuma ba ta kowa da kowa ba ce. Idan mai gyara ya dawo da inji, a ce masa, "Malam, rubuta mini a takarda rumbunan da ka ƙara da dalilin kowanne," a liƙa takardar a cikin durowa, domin wanda zai gyara ta nan gaba wataƙila ba shi ba ne.